Haɗa wayar hannu da rediyon Bose na Nissan 350Z ba tare da an yanka wayarin ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Nissan 350Z ƙirar 2005, 'yar Amurka, da rediyonta na kamfani, Bose, mai cin faifan CD shida. Ba ramin AUX, ba USB, ba Bluetooth. Akwai dai wani maɓalli da aka rubuta wa SAT, in na danna ba ya komai. Karatuna da waƙoƙina duk suna cikin waya, sai wata tsohuwar iPod da nake ji da ita. Na sayi ɗan abin nan da ake sokawa a laita yana tura sauti ta FM, amma shuu ɗinsa ya ishe ni. Mai wayarin ɗina ya ce a cire rediyon a sa allon Android. Me ka gani? Daga Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya sa alheri a motar, ya tsare hanya, ɗan'uwa. Shawarata kai tsaye ita ce ka bar rediyon nan a mazauninsa, kuma kada ka yarda kowa ya sa filaya a wayoyin da ke bayansa. Maɓallin SAT ɗin da kake gani kamar ba shi da amfani, ta nan za mu shiga.

Ga dalilin sa shi. A Amurka akwai rediyon tauraron ɗan'adam da sai an biya kuɗin wata ake ji. Kamfanin XM ya fara watsa shirye-shirye a 2001, Sirius ya biyo baya a 2002, suka haɗe a 2008. Da Nissan ta ga masu saye na nema, sai ta bar soket a bayan rediyo don duk mai so dila ya ɗaura masa akwatin kama tashar. Siginar ba ta isowa Najeriya, shi ya sa soket ɗin yake zaune a wajenmu. In ka danna SAT, rediyon tambaya yake ko akwatin na nan, ya ji shiru ya koma inda yake. Wasu ma sukan rubuto NO SAT a fuska. To amma cikin soket ɗin nan akwai duk abin da muke nema: layin sautin hagu, layin dama, da layukan da rediyo da akwatin suke musayar saƙo. Sai wasu kamfanoni suka ƙera ɗan akwati, bai wuce tafin hannu ba, wanda zai amsa wa rediyon cewa ai shi ne akwatin tauraron. Da zarar rediyon ya yarda sai ya buɗe hanya, duk abin da ka tura ta nan ya wuce zuwa amfilifaya ta cikin wayarin motar, yadda sautin CD ke wucewa. Maɓallin ƙara murya da na bas da na daidaita hagu da dama duk za su ci gaba da aiki yadda ka saba.

Abin laitar da ka saya kuwa, kada ka ɗauka lallai jabu aka ba ka. Ko na kirki ne, a Kano ba zai yi maka yadda kake so ba. Shi ƙaramar tashar rediyo ce, kuma da gangan ake ƙera shi ba ƙarfi, don dokokin ƙasashen da ake kai shi ba su yarda ya shiga rediyon maƙwabci ba. Yana buƙatar mita wadda ba kowa a kanta, kuma ba kowa a gefenta. Duba mitar FM ta garin nan: Dala na 88.5, Rediyon Kano na 89.3, Express na 90.3, Arewa na 93.1, Wazobia na 95.1, Cool na 96.9, Rahama na 97.3, Freedom na 99.5, Pyramid na 103.5, ban da waɗanda suka shigo tsakaninsu daga baya. Ɗan abin naka a cikin waɗannan kamar mai raɗa ne a tsakiyar Kantin Kwari ana gobe Sallah. Ga shi rediyon motar Amurka tsallen 0.2 yake yi, daga 88.1 sai 88.3 sai 88.5, ba ya tsayawa a kan 88.2 ko 88.4, don haka rabin 'yan guraben da suka rage ma ba za ka iya kaiwa gare su ba. Eriyar motarka kuma a baya take, nesa da laita. Mitar da ta yi maka tas a ƙofar gida sai ta fara shuu kafin ka kai Dangi, in ka ɗauki hanyar Zariya kuwa sai ka sake lalube. Ko da an samu gurbi mai tsabta, shi kansa FM yana yanke duk sautin da ya haura kilohaz 15, alhali CD na kaiwa wajen 20. Don sauraron wa'azi ba laifi. Kiɗa kuwa, kaifin kalangu da zaƙin kukuma a nan suke zubewa.

Mu zo kan allon Android, don a nan kuɗi ke salwanta. Mai wayarin ɗinka ba mugunta yake nufi ba. Abin da yake sakawa kullum ke nan, kuma a motar da rediyo ke tura sifiku kai tsaye aikin ba ya ba da matsala sosai. Bose tsarinsa daban. Rediyon da kake gani a dashbod ba shi ke tura sifiku ba. Siririyar sigina yake aikawa zuwa amfilifaya da ke can baya, kuma a cikin amfilifayar ne aka dasa gyaran sautin da aka auna da girman cikin wannan motar da inda kowace sifika take, har da wufa, wato babbar sifikar bas, da ke bayan kujerar direba. Sifikun ma ba irin na kasuwa ba ne. Na kasuwa yawanci om 4 ne, na Bose da yawansu om 2 ne ko ƙasa da haka, wato suna jan wuta fiye da abin da ƙaramin allo zai iya bayarwa ya daɗe.

Idan aka zo saka allon, abu biyu ake yi, kowanne da illarsa. Ko dai a ɗauki wayoyin sifika na allon a cusa wa amfilifayar Bose, sai ka ga murya na kan uku amma motar na neman tsagewa, ga shuu ko ba a kunna komai ba, ga wani "ɗum" duk lokacin da aka murɗa makulli. Ko kuma a tsallake amfilifayar, a yayyanka wayoyi a ja sababbi, wufa ta mutu, allon ya riƙa zafi yana ɗaukewa. Na sha buɗe dashbod na tarar da aikin: wayoyi goma sha an murɗe su da hannu, an naɗe da baƙin tef, zafin Afrilu ya narkar da gam ɗin ya zama wani baƙin danƙo mai bin yatsa, tef ɗin ya zame, jan ƙarfe tsirara yana gogar ƙarfen dashbod. Soket ɗin kamfani kuwa an yanke shi an jefar, sai an je Ƙofar Ruwa an yi ta tonon tsohon wayarin kafin a samu irinsa. Wannan abin yana ɓata mini rai, don motar ta yi shekaru a ƙasar wasu ba abin da ya sami wayoyinta, ta zo nan a lalata su cikin awa ɗaya.

Ban ce canza rediyo haramun ba ne. In abin da kake so taswira ce da kyamarar baya da Apple CarPlay ko Android Auto, gurbin 350Z yana ɗaukar rediyo mai hawa biyu, kuma Pioneer da Kenwood da Alpine da Sony suna yin na kirki. Sharaɗin shi ne a zo da soket mai shiga na kamfani ba yanka, da ɗan akwatin da ke rage sigina ta dace da amfilifayar Bose, tsohon rediyon kuma ka ajiye shi a kwali saboda ranar sayarwa. Mai neman irin wannan motar yakan duba ko an taɓa ta. Amma kai sauti kawai ka tambaya, kuma wannan ba ya buƙatar duk wannan hidimar.

Akwatunan da ke shiga ta soket ɗin baya, kamfanonin da aka sani da su a motocin Nissan su ne PAC da USA SPEC da GROM. Akwai kuma masu araha na China irin su Yatour. A nan sai ka buɗe ido. Wasu akwatunan suna kwaikwayon tashar tauraro ne, wasu kuma suna kwaikwayon injin canza CD da ake ajiyewa a but. Naka rediyon yana da nasa injin CD shida a cikinsa, don haka kada ka ɗauka zai saurari wani na waje. Nemi wanda aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ta maɓallin SAT yake aiki, kuma an jera 350Z mai Bose da shekarar motarka a cikin waɗanda ya dace da su. Kalmar "na Nissan ne" a bakin mai shago ba ta isa ba. Ka iya tambaya a Sabon Gari wajen masu kayan sautin mota, amma kayan tsohuwar mota ne da ba ta da yawa a gari, mai yiwuwa sai an yi oda.

Kafin ka tura ko kwabo, a ciro rediyon a duba bayansa. Gani ya kori ji. Motocin da ke zuwa mana sun bi hannu da yawa, wata an taɓa canza mata rediyo tun a can, ko a tashar jirgin ruwa, sai shekarar da ke takarda ta saɓa da ta rediyon. Ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinsa mai lambar ƙira, ka ɗauki hoton kowane soket, ka ƙirga haƙoran wanda yake a buɗe. In ka tarar da waya a cikinsa, to mai yiwuwa mai motar na farko ya sa akwatin tauraro, sai a zare shi a ba sabon wuri.

A cikin nau'o'in, ni na fi son wanda yake da ramin AUX, ko da yana da wasu abubuwan a kai. Dalilina tarihin bakin caja ne. Apple ta fito da iPod a 2001, ta kawo faffaɗan baki mai haƙora 30 a 2003, ta canza zuwa Lightning a 2012, ta cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, ta daina ƙera iPod gaba ɗaya a 2022, ta mayar da iPhone zuwa USB-C a 2023. Duk wanda ya binne akwatin baki ɗaya a cikin dashbod ya ga canjin nan da idonsa. Ramin AUX kuwa bai damu da wace waya ce ba. Yau ka soka iPod, gobe Tecno, jibi ɗan abin Bluetooth, in ya lalace ka saya wani a Farm Centre ba tare da an sake kwance dashbod ba.

Game da iPod ɗinka, in mai faffaɗan baki ce, sautin da ke fita ta ƙasa ya fi na ramin iyafis tsabta da ƙarfi, don bai bi ta maɓallin murya ba. Akwai kebul mai faffaɗan baki a gefe ɗaya, bakin AUX da USB a ɗaya gefen, shi za ka nema. Ka kula da tsofaffin akwatunan mota na farkon zamanin: suna caji ne da bolt 12 ta tsarin FireWire, kuma da yawa daga cikin iPod da iPhone da suka fito daga 2008 sun daina karɓar wannan, sai bolt 5 na USB. Sai waƙa ta yi ta tafiya batir na sauka. In kuma iPod classic ce mai faifai na juyawa a ciki, kada ka bar ta tana gwaruwa a cikin aljihun roba. Ƙafafun 350Z masu tauri ne, ramukan titunanmu kuma ka san su. Sa ta a jaka mai laushi.

Kebul ɗin AUX ɗin ma a duba bakinsa. Mai zobe baƙi biyu shi ne na sauti zalla, shi kake so. Mai zobe uku na iyafis ne mai makirfo, kuma a wasu ramukan yakan sa muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga wani ɗaki, ko gefe ɗaya ya ɗauke. Yawancin Tecno da Infinix da itel suna da ramin. In wayarka ba ta da shi, sayi ɗan bakin USB-C mai na'urar juya sauti a cikinsa, don wanda ba shi da na'urar ba ya aiki a wayoyin hannu da yawa.

Bluetooth shi ne za ka fi amfani da shi yau da gobe, kuma ba sai ka wahalar da kanka kan sunayen da ke jikin kwali ba. A2DP shi ke ɗaukar kiɗa, HFP na kira ne, AVRCP na tsallake waƙa. In akwai waɗannan ukun, ya isa. Masu sayarwa za su yi ta kururuta aptX, amma iPhone ba ta amfani da shi, AAC take yi, kuma a cikin motar da injin V6 mai lita 3.5 ke gaba, ƙarar taya na shigowa ta baya, bambancin ba zai kai kunnenka ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka sayi wanda ba shi da batir a ciki, mai tashi da kansa in wuta ta zo, ya kama wayarka ba sai ka danna komai ba. Mai batir kumbura yake yi. Apple da kanta ta ce a yi amfani da na'urorinta tsakanin digiri 0 da 35, kada a ajiye su inda ya haura 45. A Kano iskar waje ma tana haura 40 a Afrilu da Mayu, balle cikin motar da aka rufe a rana. Don haka iPod da waya su riƙa fita tare da kai. Makirfo kuma a maƙala shi kusa da abin tare rana na direba ko a kan wuyan sitiyari, nesa da bakin AC, in ba haka ba wanda ka kira iska kawai zai riƙa ji.

Ranar aiki ka tsaya a wajen, kada ka bar makulli ka tafi. A fara cire kan batir na nagetif. Duk soket mai launin ɗorawa na jakar iska ne, ba ruwan kowa da shi. A ɓamɓare robobi da abin roba, ba da sukundireba ba, don fentin dashbod ɗin 350Z saurin karcewa gare shi, a kuma shimfiɗa tsumma a kan giya. Robar da ke kewaye da giya tana tasowa ne tare da maɓallan AC, kuma a ƙarƙashinta akwai wata siririyar waya mai faɗi. A zare ta a hankali, in ta tsage AC ya tsaya. Bayan an mayar da batir, gilashin ƙofa yakan manta iyakarsa, ya daina ɗan saukan nan da yake yi in an buɗe ƙofa ko ya ƙi hawa da kansa. Ba lalacewa ya yi ba, sake saita shi ake yi da maɓallin, a kai shi sama a riƙe na 'yan daƙiƙoƙi.

Inda ake samun matsala bayan kwana biyu shi ne wajen ɗaukar wuta. A bayan rediyo akwai wutar da ba ta ɗaukewa ko an zare makulli, akwai wadda sai an murɗa makulli zuwa ACC take zuwa. Wasu akwatunan daga soket ɗin suke shan wutarsu, shi ke nan. Amma ɗan abin Bluetooth da cajar USB dole su hau ta ACC, da ƙaramin fis nasu. A gano wayar da mita, kada a bi launi. Ɗorawa da ja da baƙi da aka saba gani launin rediyon kasuwa ne, Nissan nata launin daban. In aka ɗora su kan wutar dindindin, abu biyu za su faru. Kana falo wayarka tana maƙale da motar da ke gareji, kira ya shigo ba ka ji ba. Sannan batir ya riƙa zuƙewa. Motar da ke lafiya, in an kashe ta ta natsu, wutar da take ja daga batir bai kamata ta wuce wajen miliyam 50 a kan mita ba. Irin motarka kuma ba kullum ake fita da ita ba, da tsadar man nan wata sai Juma'a ko Lahadi, ga ɗan abu na tsotsa dare da rana. Sai a ɗora wa batir laifi a sayi sabo, shi ma ya bi sahu. A sa mita a gwada a gabanka kafin a rufe. Duk inda kuwa ya zama dole a haɗa waya da waya, a like da dalma a sa robar nan mai tsukewa da zafi.

Sai kukan da kusan kowa ke dawowa da shi: wani siririn fito mai tashi in ka taka totur, ya sauka in ka ɗaga ƙafa. Kukan altaneta ne ya samu hanyar shiga. Yakan faru ne idan na'urar da ke ba da sauti da rediyon suna da āt, wato layin da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota, a wurare biyu daban, sai 'yar wutar da ke tsakaninsu ta bi ta kebul ɗin sauti, amfilifaya kuma ta ƙara mata ƙarfi tare da waƙar. Gwajinsa mai sauƙi ne. Kunna waƙa ta AUX, ka zare caja. In fiton ya ɗauke, ka gano ɓarawon. Maganin farko a mayar da āt ɗin caja ko na Bluetooth daidai inda na rediyon yake. Tsofaffin Nissan da yawa ta jikin ƙarfen rediyo da sukurorinsa suke samun āt, don haka sukurori su ɗauru tam, wajen kuma ba tsatsa ba fenti. Na biyu a canza caja, don 'yan araha su kansu hayaniya suke ƙerawa. In duk an yi bai tafi ba, sannan a sa ɗan abin raba āt a kan layin AUX. Na bar shi a ƙarshe ne don marar kyau yana cinye bas. Ka kuma kalli agogon bolt da ke cikin agogunan nan uku na saman dashbod ɗinka. In injin na aiki ya kamata ya zauna wajen 14. In yana rawa, ko fiton yana nan har a kan CD da FM, to matsalar ta altaneta ce ko āt ɗin injin, ba ta akwatin ba.

Wajen saita murya, kai ta wayar wajen kashi uku cikin huɗu, kashe duk wani gyaran sauti da ƙarin bas na cikin wayar, sauran ka yi da maɓallin rediyo. Amfilifayar Bose ta riga ta yi nata gyaran, in ka ɗora wani a kai sai wufa ta fara ɓarɓarwa.

Da zarar hanya ta yi tsabta za ka fara jin aibin fayilolinka, wanda da shuu ya rufe. Waƙar da aka matse zuwa 64 kbps, ta bi WhatsApp da Xender hannu biyar, ba akwatin da zai gyara ta. Nemi MP3 na 192 zuwa 320. In akwatin da ka samu yana karanta filashi, a yi masa fomat na FAT32, kuma ƙaramin filashi ya fi babba zama lafiya da su. Masu kwaikwayon CD sukan so a sa wa manyan fayil suna CD01, CD02 har zuwa shida, kowanne kada ya wuce waƙa 99, tunda rediyon a zatonsa faifai yake juyawa. Karatun da aka turo maka a matsayin saƙon murya na WhatsApp kuwa tsarin Opus ne, yawancin akwatunan nan ba sa ganinsa sam. Ko a juya shi zuwa MP3, ko ka saurare shi ta Bluetooth. Ga mai bin tafsiri ma Bluetooth ya fi, don manhajar waya tana tuna inda ka tsaya.

In aka buɗe aka ga rediyon ba shi da soket ɗin, ba a rasa mafita ba. Idan yana da ramin kaset, kaset ɗin nan mai wutsiya ya fi abin laita nesa ba kusa ba, in an goge kan da ke karantawa, wanda ƙurar hunturu ta daɗe da rufewa. Akwai kuma abin FM mai waya da ake sakawa tsakanin eriya da rediyo, in an kunna shi sai ya katse eriyar, tashoshin gari su daina kutsowa, sai dai bakin eriyar Nissan na lokacin daban yake, da adaftarsa za a saya. Ta ƙarshe ita ce a buɗe rediyon a like layin AUX a kan hanyar sautin kaset ko CD. Tana fitar da sauti mai kyau, amma aikin mai gyaran rediyo ne da ya iya karanta allon ciki, ba na mai wayarin ba.

Ga sauran masu karatu da ke da irin waɗannan motoci, dabarar ɗaya ce, ƙofar ce ta bambanta. BMW E46 da yawa an ja musu wayar injin canza CD har but, a can ake soka akwatin. Porsche daga ƙirar 2003, da Marsandi da BMW da Audi da yawa na bayan nan, sautinsu ta zaren haske yake bi, tsarin da ake kira MOST. Na'urorin a jere suke cikin zobe ɗaya, in aka tsinke ko aka lanƙwasa zaren wuri ɗaya, komai ya yi tsit. Waɗannan sai akwati na musamman irin na Dension. Infiniti G35 ta farkon fitowa da Mazda RX-8, rediyonsu a sarƙe yake da maɓallan AC, cire shi ba ƙaramin aiki ba ne. Mai Honda S2000 kuwa ya tabbata lambar sirrin rediyonsa na hannunsa kafin a taɓa batir.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba: jera abin da za ka saurara tun kana tsaye. Motar nan tana amsa totur nan take, in mai giyar hannu ce kuma hannun damanka na da aikinsa, ga 'yan adaidaita na kutsowa ta ko'ina a Titin Gidan Zu. Latsa waya a kan tuƙi laifi ne a wajen hukumar kiyaye haɗurra, kuma da gaskiyarsu.

Kafin a mayar da robobin dashbod, a gwada komai yana a buɗe. Ji sautin injin a kashe, a tayar a ji, a taka totur, a kunna AC da fitilu, a karkata sauti hagu sannan dama don a tabbata ba a juya su ba, a yi kira, a koma CD da FM a ga suna nan, a zare makulli a ga Bluetooth ya mutu. A naɗe akwatin da soso a ɗaure shi da igiyar roba nesa da bututun hita don kada ya riƙa ƙwanƙwasa a kan gargada, a fito da bakin AUX inda hannu zai kai ba tare da ya shiga hanyar giya ba. In an ciro rediyon, turo mini hoton lambar da na sokets ɗin, sai na faɗa maka nau'in da zai shiga kafin ka yi oda.